Me ya sa burauza ke ƙin jin maganar fayil ɗin hosts bayan an cire manhajar leƙen asiri?

Akwai wata matsala da ke yawan ɗaure wa masu gyaran kwamfuta kai. An kawo kwamfuta mai Windows wadda manhajar leƙen asiri ta shige ta: tallace-tallace na faɗowa ba a kira su ba, ka nemi abu a Google a kai ka wani shafin da ba ka taɓa jin sunansa ba. Mai gyara ya sa antibairos, ta kama abin da ta kama ta goge, ta nuna kore. Don ƙarin tsaro sai ya buɗe fayil ɗin hosts, ya rubuta 127.0.0.1 da sunan shafin tallan a gabansa, ya adana. Ya buɗe burauza, sai ga shafin ya buɗe tas kamar ba a yi komai ba. Daga nan sai lalube ya fara: a goge fayil a sake rubutawa, a kashe kwamfuta a kunna, a cire Chrome a sake sakawa. Galibi duk wahalar banza ce, domin fayil ɗin da ake ta dama ba shi da laifin komai.

Wannan fayil ya girmi intanet ɗin da muka sani. A zamanin ARPANET, cibiyar kwamfutocin da intanet ya samo asali daga gare ta, cikin shekarun 1970, fayil guda mai suna HOSTS.TXT ne ke ɗauke da sunan kowace kwamfuta da lambarta. Ofishin da Elizabeth Feinler ke jagoranta a Stanford Research Institute da ke Kalifoniya shi ke kula da shi, kowace cibiya kuma ta riƙa sauke sabon kwafi lokaci-lokaci. Da kwamfutoci suka yi yawa abin ya gagara, sai Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983, tsarin da ya raba aikin fassara suna zuwa lamba a tsakanin sabobi masu tarin yawa. Amma ba a kashe tsohon fayil ba. Har yau yana nan a C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts, a Linux da macOS kuma a /etc/hosts. Kowane layi lamba ce, sai sarari, sai suna. Lambar 127.0.0.1 na nufin kwamfutar ita kanta, saboda haka duk sunan da aka haɗa da ita, neman sa zai dawo gida ya mutu.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne hosts ba ya tare wa kowa hanya. Amsa kawai yake bayarwa, kuma ga wanda ya yi tambaya ta hanyar da aka saba. Idan manhaja tana son haɗuwa da wani shafi, takan miƙa sunan ga Windows. Hidimar DNS Client ta duba ma'ajiyarta ta wucin gadi, wadda tun farko aka loda abin da ke cikin hosts a ciki. Idan sunan na nan, magana ta ƙare. Idan babu, sai a tambayi sabar DNS a waje. Wannan fifikon ne ya sa masu rubuta bairos suka daɗe da son fayil ɗin. A watan Janairun 2004 Mydoom.B ya riƙa cika shi da sunayen shafukan kamfanonin antibairos da na Microsoft, don kada kwamfutar da ya kama ta iya sauko da magani. To idan burauza ta tsallake abin da aka rubuta, ɗaya daga cikin abubuwa uku ne ya faru: ko Windows wani fayil daban yake karantawa, ko burauza na aiki da tsohuwar amsa da ta haddace, ko kuma ba ta ma tambayar Windows sunan kwata-kwata. Aikin mai gyara shi ne ya gano wanne ne tun kafin ya taɓa wani abu.

Gwaji guda ne ke raba gardama. A ƙara layi a hosts da sunan da babu shi a duniya, misali 127.0.0.1 gwaji.test. An ware ƙarshen .test tun 1999 domin irin wannan aiki, babu mai iya yin rajistar shafi da shi, don haka babu sabar DNS ta gaskiya da za ta amsa shi. A buɗe Command Prompt, tagar rubuta wa Windows umarni, a buga ping gwaji.test, umarnin da ke ƙwanƙwasa suna ya ga wace lamba za ta amsa. Idan amsa ta zo daga 127.0.0.1, Windows na karanta fayil ɗin da kake rubutawa, matsalar tana tsakanin burauza da Windows. Idan aka ce ba a sami sunan ba, to matsalar na ƙasa, kuma duk abin da za a yi wa burauza ɓata lokaci ne. A kula, kada a yi wannan gwaji da nslookup. An gina shi ne ya tafi kai tsaye ga sabar DNS, bai san da hosts ba ko a lafiyayyar kwamfuta, kuma ya sha ruɗa mutane suna neman ciwon da babu.

A fara da inda ping ma ya ƙi. A nan kurakuran hannu sun fi makirci yawa. Notepad kan maƙala .txt a ƙarshen suna, Windows kuma na ɓoye irin wannan ƙarshe, sai ka ga “hosts” alhali hosts.txt ne. An adana fayil da tsarin UTF-16 maimakon ANSI ko UTF-8. An buɗe editan ba da izinin admin ba, adanawar ta tafi wani wuri. Tun daga Windows Vista, tsofaffin manhajoji masu bit 32 da suka yi ƙoƙarin rubutu cikin babban fayil na Windows ba tare da izini ba, akan karkatar da rubutunsu a ɓoye zuwa VirtualStore da ke cikin AppData na mai kwamfuta. Edita zai riƙa nuna maka gyaranka, Windows kuwa bai taɓa ganin sa ba. Haka nan hosts bai san alamar tauraro (*) da ake sakawa a madadin sunaye da yawa ba, kuma suna mai www da mara www sunaye biyu ne a wurinsa, kowanne na buƙatar a rubuta shi. Sai batun izini: hidimar DNS Client ba da sunanka take aiki ba, idan an cire wa sauran asusun izinin karanta fayil ɗin, kai za ka buɗe shi lafiya ita kuma ta kasa.

Bayan waɗannan sai dabarun mugunta, kuma tsofaffi ne. Inda Windows ke neman hosts ba a sassaƙe yake a dutse ba, yana cikin rajista, wato kundin da Windows ke ajiye saitunansa, a ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\Tcpip\Parameters, a wata ƙima mai suna DataBasePath. Abin da ya kamata a gani a ciki shi ne %SystemRoot%\System32\drivers\etc, nau'inta kuma REG_EXPAND_SZ. A watan Oktoban 2003 wata muguwar manhaja mai suna Qhosts, wadda ke shigowa ta wata kafa a Internet Explorer, ta riƙa sauya wannan ƙima zuwa babban fayil na Help, ta ajiye nata hosts a can mai karkatar da shafukan bincike. Mai kwamfuta ya duba fayil na asali ya gan shi fes. Akwai kuma lokacin da rubutun ƙimar daidai yake amma nau'inta ya koma REG_SZ, sai Windows ya kasa warware %SystemRoot%, fayil ya zama kamar babu shi. Masu binciken Microsoft sun bayyana wata dabarar a 2011: a ɓoye hosts na gaske, a ajiye wani a fili mai suna iri ɗaya a ido, amma harafin o ɗin da ke ciki na rubutun Rashanci ne. Kana gyara na bogi, na gaske na ɓoye yana aikinsa. Umarnin dir /a a cikin babban fayil na etc zai fito da duka biyun. Ko ba wannan ba, yana da kyau a gangara har ƙarshen fayil, domin akan tura layukan mugunta can ƙasa bayan ɗaruruwan layuka marasa komai.

Wadda ta fi su wayo ita ce Shopperz, manhajar talla da aka bankaɗo a 2015. Ba ta taɓa hosts ba, ba ta taɓa DataBasePath ba. Dnsapi.dll ta shiga, wato fayil ɗin Windows da ke ɗauke da aikin fassara suna, ta sauya rubutun da ke nuna hanyar zuwa hosts da wata hanya ta daban. Antibairos na iya goge Shopperz gaba ɗaya ta bar dnsapi.dll a gurɓace, tun da fayil ne na Windows, goge shi zai kashe intanet. Maganin shi ne sfc /scannow da izinin admin, wanda ke gwada fayilolin Windows da na asali ya mayar da waɗanda aka taɓa. Kuma tun da an zo kan dnsapi.dll, akwai abin da ya kamata a sani: tun Windows XP SP2, Microsoft da kansa ya saka wasu sunayensa a ciki, irin na sabunta Windows, waɗanda ba a duba hosts dominsu. Darasin Mydoom ne ya ɗauka. Don haka gwada hosts da shafin Microsoft kuskure ne. Daga 2020 ma Defender kan ɗauki toshe wasu sunayen Microsoft a hosts a matsayin barazana, da sunan SettingsModifier:Win32/HostsFileHijack, kuma idan aka ce ya gyara, mayar da fayil ɗin yake yi yadda ya zo daga kamfani, duk abin da ka rubuta ya tafi.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, wanda ya fi yawa: ping ya bi hosts, burauza ta ƙi. Kafin a zargi kowa a kawar da haddar da burauza ta yi. Umarnin ipconfig /flushdns na share ta Windows kawai. Chrome na da tata a chrome://net-internals/#dns, kuma ko an share ta, haɗin da aka riga aka buɗe da shafin na iya ci gaba da rai, sai an rufe shi a chrome://net-internals/#sockets. Firefox na da about:networking. Wani lokacin ma shafin da ake gani kwafi ne da burauza ta ajiye, ba daga waje ya zo ba. Rufe burauza gaba ɗaya, a tabbatar a Task Manager cewa babu ragowarta, a buɗe tagar sirri, ya isa ya kawar da wannan zargi cikin minti biyu.

Idan har yanzu shafin na buɗewa, to furoksi, wato ɗan tsakiyar da ke ɗauko wa burauza shafuka, shi ne babban wanda ake zargi, kuma nan ne ya kamata a daɗe. Burauzar da aka saita wa furoksi ba ta neman lambar shafin da za ta. Sunan take miƙa wa furoksin, shi ya nemo lambar a can inda yake, ya ɗauko shafin ya kawo. Kamar wanda ya hau acaɓa ne ya faɗi sunan gidan da za shi: takardar kwatancen da ke aljihunsa, ko daidai ce ko an sauya ta, ba ta da tasiri, ɗan acaɓa ne ya san inda zai bi. Babu wani lahani a cikin wannan, haka aka tsara abin, kuma a ofisoshi da jami'o'i da yawa haka ake shiga intanet. Ping kuwa bai san furoksi ba, shi ya sa yake bin hosts burauza na tsallakewa. Ga mai leƙen asiri wannan ya fi taɓa hosts riba nesa ba kusa ba. Da hosts sai ya lissafa sunayen da yake so ɗaya bayan ɗaya. Da furoksi komai ta hannunsa zai wuce. Saitin kuma na cikin ɓangaren rajista na mai amfani da kwamfuta, wanda ba ya buƙatar izinin admin. Sannan antibairos na farautar fayiloli ne, saitin furoksi kuwa ba fayil ba ne, kuma tana tsoron share shi domin ba ta san ko ofis ne ya saka ba.

Sunan gwajin nan zai sake amfani. A rubuta http://gwaji.test a Chrome, tare da http ɗin don kada ta ɗauke shi bincike. Idan ta ce ERR_CONNECTION_REFUSED, ta bi hosts, ta ƙwanƙwasa 127.0.0.1 ba ta sami kowa ba. Idan ta ce ERR_NAME_NOT_RESOLVED, ta nemi sunan amma ba ta wurin hosts ba. Idan kuwa wani shafin kuskure ne ya fito wanda ba irin na Chrome ba, ko saƙo mai ambaton furoksi, ko ma shafin talla, to wani ne a tsakiya ya amsa.

Saitin furoksi na Windows yana cikin Settings, Network & Internet, Proxy, ko a buga inetcpl.cpl a shiga Connections sannan LAN settings. A rajista yana HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Internet Settings, ƙimomin dubawa kuma su ne ProxyEnable, ProxyServer da AutoConfigURL. Chrome da Edge daga nan suke ɗauka. Firefox na da nata shafin saiti, kodayake idan ba a taɓa ba na Windows take bi. A cikin babban fayil ɗinta kuma akwai yiwuwar an ajiye user.js, wanda ke sake ɗora saitin duk lokacin da aka buɗe ta. Hidimomin Windows na da nasu furoksin daban, ana ganin sa da netsh winhttp show proxy.

Sau da yawa abin da za a tarar a ProxyServer shi ne 127.0.0.1 da wata lambar ƙofa, kuma mutane kan kwantar da hankali tun da lambar gida ce. Akasin haka ne. Ma'anarsa akwai wata manhaja a cikin kwamfutar da ke zaune tsakanin burauza da duniya. Da antibairos ta cire ta da gaske, da burauza ta daina buɗe komai, domin tana miƙa saƙo ga wanda ba ya nan. Wannan ne ma dalilin korafin nan na “tun da aka cire bairos intanet ya ɗauke”. Idan saitin na nan kuma shafuka na buɗewa, to mai sauraron na raye. Umarnin netstat -ano zai nuna lambar aikin da ke riƙe da ƙofar, Task Manager kuma ya faɗi sunansa da inda yake kwance. Kafin a yanke hukunci a tuna wasu manhajojin kirki, irin na tace shafuka domin yara, su ma haka suke aiki.

AutoConfigURL ya fi haɗari, kuma an fi mantawa da shi. Yana nuni ne ga fayil ɗin PAC, dabarar da Netscape ya kawo a 1996: ɗan rubutun JavaScript mai aiki guda, FindProxyForURL, wanda ke yanke wa kowane shafi hukunci, wannan ya tafi kai tsaye, wancan ya bi ta furoksi. Ɓarayin banki a Brazil sun daɗe suna amfani da shi. Retefe, wadda ta addabi abokan hulɗar bankunan Suwizalan da Ostiriya daga wajajen 2014, ita ma hanyarta ke nan, wasu nau'o'inta ma ta Tor, cibiyar ɓoye sawu a intanet, suke bi da saƙon. A irin wannan kamu komai na tafiya daidai, gwaji.test ma ya bi hosts yadda ya kamata, sai sunayen da ɓarawo ya zaɓa kawai ke kaucewa. Saboda haka idan hosts na aiki ga kowane suna ban da na banki ko na imel, kada a ce ai ƙaramar matsala ce. Ita ce mafi muni.

Furoksi shi kaɗai ba ya iya karanta shafi mai https, sunan shafin kawai yake gani. Don ya karanta ciki dole a saka wa kwamfutar takardar shaida ta tushe, wadda za ta sa burauza ta amince da shafin bogi har ta nuna alamar kwaɗo. Retefe na yin haka. Superfish, manhajar tallan da Lenovo ya riƙa sakawa a wasu kwamfutocinsa har asirin ya tonu a Fabrairun 2015, ita ma haka, kuma makullin takardar iri ɗaya ne a duk kwamfutocin. Robert Graham ya fasa kalmar sirrinsa, ya tarar “komodia” ce, sunan kamfanin da ya rubuta fasahar. Cire Superfish ta hanyar da aka saba bai cire takardar ba. Don haka duk wanda ya tarar da baƙon furoksi, aikinsa bai ƙare ba sai ya buɗe certmgr.msc da certlm.msc ya duba takardun tushe. Jerin na da tsawo, ido kuma na yaudara. Sigcheck -tv, daga kayan Sysinternals, na ware waɗanda ba sa cikin jerin da Microsoft ya amince da su.

Idan an share saitin ya dawo bayan mintuna ko bayan an sake kunna kwamfuta, akwai mai mayar da shi. Autoruns zai baje duk abin da ke tashi tare da Windows, har da ayyukan Task Scheduler, inda irin waɗannan suka fi ɓuya da sunaye masu kama da na sabunta manhaja. Process Monitor, idan aka tace shi kan ProxyServer ko AutoConfigURL, zai kama mai rubutun da hannu dumu-dumu.

Furoksin na iya zama a cikin burauza kanta, Windows bai sani ba. Ƙananan manhajojin da ake maƙala wa Chrome ko Firefox na iya neman izinin sarrafa furoksi, kuma yawancin masu kiran kansu VPN na kyauta a cikin burauza furoksi ne kawai. Idan aka ga rubutun da ke cewa wata hukuma ce ke kula da burauzar alhali kwamfutar gida ce, a buɗe chrome://policy ko about:policies. Manhajojin talla sun gano cewa dokokin da aka tanada don ofisoshi na ba su damar ɗora furoksi ko maƙala ƙarin manhajar da ba ta ciruwa, kuma dokokin na zaune a rajista ƙarƙashin SOFTWARE\Policies, shi ya sa cire Chrome a sake sakawa ba ya taɓa su. A kuma danna dama a kan alamar burauza a duba Target: duk abin da ya biyo bayan chrome.exe, musamman --proxy-server ko --host-resolver-rules, baƙo ne. Na biyun ma hosts ne na kansa a cikin layi ɗaya. Masu amfani da Opera su tuna VPN ɗin da ke cikinta ta sabobin kamfanin yake bi da shafuka, kamar yadda Opera Mini da aka saba da ita a wayoyi ke yi. Tsallake hosts a nan ba cuta ba ce.

Kwanan nan da zarar an ambaci wannan matsala sai a ce DNS ta HTTPS ce. A ganina an fi ɗora mata laifi fiye da haƙƙinta. An fitar da ƙa'idarta a Oktoban 2018, Firefox ta kunna ta ga mutanen Amurka a Fabrairun 2020, Chrome 83 ta biyo baya a watan Mayu. Gaskiya ne tana sa burauza ta nemi suna da kanta ba ta hannun Windows ba, kuma a farkon lamarin Firefox kan tsallake hosts saboda haka. Daga baya Mozilla ya ƙara network.trr.exclude-etc-hosts, wanda ke sa ta ware sunayen da ke cikin fayil ɗin, Chrome kuwa da kanta take karanta hosts kafin ta fita tambaya. Kashe saitin na ɗan lokaci don gwaji ba ya cin komai, kuma yana da kyau a duba ko an sauya sabar zuwa wadda ba a sani ba. Amma kwamfutar da ta fito daga hannun manhajar leƙen asiri, furoksi ake fara dubawa.

Haka nan kada a haɗa wannan da sauya sabar DNS. DNSChanger, wadda gungun Rove Digital na Estoniya suka yaɗa har aka kama su a Nuwamban 2011 bayan binciken FBI, ta shiga kwamfutoci kusan miliyan 4, kuma sai da aka bar sabobin maye gurbi suna aiki har 9 ga Yulin 2012 don kada intanet ya ɗauke wa waɗanda ta kama. Babbar ɓarna ce, amma ba ta tsallake hosts, domin ana duba fayil kafin a je ga saba. Gurɓatacciyar DNS a kwamfuta ko a rauta na bayyana dalilin da ya sa ake kai ka shafin bogi. Ba ta bayyana dalilin da ya sa layin da ka rubuta bai yi aiki ba. A duba ta da ipconfig /all, a gyara, a ci gaba da neman ɗayan.

Saura abin da ke ƙarƙashin duk waɗannan. A zamanin XP da Windows 7 manhajojin talla kan saƙa kansu cikin Winsock, sashen Windows da saƙon intanet ke bi, ta hanyar LSP, wato ƙarin manhajar da ake maƙala masa, su kama saƙo bayan an gama fassara suna. Masu karanta rahoton HijackThis, manhajar binciken kwamfuta ta Merijn Bellekom, sun san layukan O1 na hosts ne, O10 na Winsock, O17 na DNS. Umarnin netsh winsock reset ke warware wannan. Microsoft ya daina ƙarfafa LSP tun Windows 8, sai masu mugunta suka koma ga direbobin tace saƙo. TDSS, wadda ake kira Alureon, ta fi haka nitso: nau'inta na huɗu na zama ne a sashen farko na hard disk, wato rumbun ajiyar kwamfuta, ya tashi kafin Windows, kuma ita ce bayan yawancin abin da aka riƙa kira bairos mai karkatar da Google wajajen 2010 da 2011. Adrozek, wadda Microsoft ya bayyana a Disamban 2020 ya ce a ganiyarta tana kan na'urori fiye da 30,000 a rana, fayilolin burauza kansu take gyarawa, ta kashe musu binciken tsaro da sabuntawa. Idan abu ya kai nan, amsar da kwamfutar ke ba ka game da kanta ma ba abin dogaro ba ce, sai dai a duba ta daga waje, da Microsoft Defender Offline ko filas ɗin ceto da aka haɗa a wata kwamfutar.

Ba na ganin hikimar ɗaukar hosts a matsayin garkuwa bayan kamu. Yana da amfani wajen rage talla, manhajar Spybot da jerin sunayen toshewa na MVPS sun yi shekaru suna wannan, kuma masu gina shafuka na gwada sabuwar saba da shi kafin su sauya DNS. Amma manhajar da ta riga ta sami izinin admin tana iya haɗuwa da lamba kai tsaye ba suna, tana iya yin tata DNS, tana iya goge layinka. Kuma a shagunan gyara da wuraren buga takardu, inda ake saka fasassun manhajoji daga filas, akwai ƙarin rikici: irin waɗannan fasassun manhajoji da kansu suke rubuta hosts don toshe sabobin tantance lasisi, kuma sukan ce a kashe antibairos kafin a saka su. Wanda ya yi haka ya ba baƙo izinin admin da hannunsa, sannan fayil ɗin ya cika da layukan da ba a san na wane ne ba.

Inda na tsaya shi ne, idan abin da aka tarar ƙarin manhajar talla ce a burauza ko saitin furoksi da ya mutu tare da mai shi, a share a ci gaba da aiki. Idan kuwa an tarar da baƙuwar takardar tushe, ko PAC mai ambaton banki, ko fayil ɗin Windows da aka taɓa, ko saitin da ke dawowa an rasa mai mayar da shi, a kwashe takardu da hotuna, ban da manhajoji, a yi fomatin da Windows da aka sauko daga Microsoft. Kalmomin sirri kuma a sauya su daga wata na'ura daban, a fara da na imel tun da ta nan ake sake saita sauran, a fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, a duba abin da Chrome ko Firefox ke daidaitawa don kada ƙarin manhajar ta biyo asusu ta sauka a sabon Windows. Idan an shiga banki da kwamfutar a lokacin kamun, a sanar da bankin. Fayil ɗin hosts da zai zo da sabon Windows babu komai a cikinsa sai layukan bayani masu farawa da alamar #, domin tun Windows 7 ko sunan localhost ba daga cikinsa ake karantawa ba.